Masu Kula da Zirga-Zirgar Jiragen Sama: Matsayinsu a Idon Doka

Gabatarwa

Idon ɗan Adam halitta ce mai ban al'ajabi, amma ya fi dacewa da saurin tafiyar ƙafa, ko sukuwar doki in an matsa. Jirgin saman fasinja kuwa yakan yi tafiyar kimanin kilomita 900 a sa'a guda idan ya daidaita a sama. Idan jirage biyu suka doshi juna da irin wannan gudu, tazarar da ke tsakaninsu za ta riƙa raguwa da kilomita 1,800 a sa'a, wato mita 500 a kowane sakan. Matuƙin da ya hango wani ɗan ɗigo baƙi daga nisan kilomita 8, sakan 16 kacal suka rage masa. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana bukatar kimanin sakan 12 da rabi kafin mutum ya ga abu, ya gane jirgi ne, ya tabbata karo za a yi, ya yanke shawara, ya motsa hannu, sa'an nan jirgin ya amsa.

Akwai wata matsala da ta fi wannan. Gefen tantanin ido mai karɓar haske ya ƙware wajen tsinkayar abin da ke motsi, tsakiyarsa kuwa, wadda ɗan ƙaramin wuri ce, ita ke tantance siffa. To, jirgin da ke kan hanyar yin karo da wani ba ya motsi a gilashin matuƙi. Wuri guda yake tsayawa, yana girma a hankali, sai a sakan na ƙarshe ya cika gilashin baki ɗaya. Ke nan abin da ya fi haɗari shi ne ya fi wuyar gani.

An tabbatar da haka ranar 30 ga Yuni, 1956, lokacin da jiragen fasinja biyu suka yi karo da rana tsaka a saman babban kwazazzabon Grand Canyon na Amurka, mutum 128 suka rasu. Dukkansu biyu suna tafiya ne a wurin da babu mai kula da su daga ƙasa, kowane matuƙi ya dogara da idonsa. Shekara biyu bayan haka, a 1958, Amurka ta kafa hukumar tarayya guda ɗaya ta danƙa mata kula da sararin samaniyarta.

Tun da ido ya gaza, tilas a sami wani a ƙasa wanda zai ce wa wannan jirgi ya hau, wancan ya sauka, kuma a yi masa biyayya. Tambayar da wannan darasi zai duba ita ce: wane ne wannan mai ba da umarni a wurin doka? Ɗan kasuwa ne mai sayar da hidima, ko hannun hukuma ne? Idan kuma ya yi kuskure, wa za a kama?

Yadda ake raba jirage

An yanka sararin sama hawa-hawa tamkar bene. A can sama inda manyan jirage ke tafiya, ana barin tazarar ƙafa 1,000, wato kimanin mita 300, tsakanin jirgin da ke sama da wanda ke ƙarƙashinsa. A mafi yawan wurare, masu nufar gabas suna bin hawa mai mara, kamar ƙafa 35,000, masu nufar yamma kuma hawa mai cika, kamar ƙafa 36,000. Idan jirage biyu suna hawa ɗaya, kuma ana ganinsu a na'urar rada, akan bar aƙalla mil 5 na teku tsakaninsu, kimanin kilomita 9.

Rada tana aiki ne irin na jemage. Jemage yakan fitar da sauti ya saurari amsa-kuwwarsa, rada kuma takan harba igiyar rediyo ta jira dawowarta. Igiyar tana tafiyar kilomita 300,000 a sakan, saboda haka jirgin da ke nisan kilomita 150 amsarsa za ta dawo cikin kashi ɗaya daga dubu na sakan. Jiragen zamani kuma suna ɗauke da na'urar da ke sanar da sunansu da tsayin da suke. Jami'in da ke zaune a cibiya yana ganin duk wannan a allo, yana magana da matuƙa ta rediyo. Hasumiyar da ake gani a filin jirgi tana kula ne da tashi da sauka kawai. Da zarar jirgi ya yi nisa sai a miƙa shi ga cibiyar yanki, ita kuma ta miƙa shi ga ta gaba, hannu zuwa hannu, har ya isa inda za shi.

Daga nan ne matsalar doka ta taso. A kasuwa, masu sayar da shinkafa goma suna iya zama a layi ɗaya, gasar da ke tsakaninsu ta saukar da farashi. A yanki ɗaya na sama kuwa ba zai yiwu jami'ai biyu na kamfanoni daban-daban su riƙa ba da umarni ba, domin amincin kowane jirgi ya dogara ne a kan mutum guda ya san inda sauran suke. Matuƙi kuma ba shi da zaɓi: duk wanda ke riƙe da yankin, shi zai saurara, shi kuma zai biya. Masana tattalin arziki suna kiran irin wannan hali babakere na tilas, irin wanda ake samu a bututun ruwan famfo da manyan wayoyin lantarki da layin dogo. Hidimar da kowa ke bukata, wadda hannu ɗaya kaɗai zai iya bayarwa, doka takan ware ta daga sauran sana'o'i ta kira ta ma'aikatar amfanin jama'a. Takan ba mai ita wasu gata da ɗan kasuwa ba ya samu, ta kuma ɗaure shi da igiyoyin da ba a ɗaure ɗan kasuwa da su.

Tushen doka: Yarjejeniyar Shikago

Ranar 7 ga Disamba, 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashe 52 suka sa hannu a birnin Shikago a kan yarjejeniyar sufurin jiragen sama na farar hula. Ta fara aiki a 1947, kuma ita ta haifi hukumar ICAO, wadda hedkwatarta ke Montiriyal ta Kanada, mai ƙasashe mambobi 193. Sashe na 1 ya tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin da ke saman yankinta. Sashe na 28 ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin samar da filayen jirage da rediyo da bayanan yanayi da sauran kayan jagorancin jirage gwargwadon iyawarta. Sashe na 15 kuma ya hana nuna bambanci: ba a yarda ƙasa ta caji jirgin baƙi fiye da yadda take cajin nata masu irin wannan tafiya ba, ba a kuma yarda ta karɓi kuɗi don ratsawa kawai ba. Abin da aka halatta shi ne kuɗin hidimar da aka yi wa jirgi.

Abin lura shi ne yarjejeniyar ba ta ce dole gwamnati ta yi aikin da hannunta ba. Tana iya wakilta wata hukuma, ko kamfani, ko ma maƙwabciyar ƙasa. Abin da ba ta iya miƙawa shi ne alhakin.

Lissafin kuɗin hidimar ma yana nuna cewa ba ciniki ne na kasuwa ba. A Turai, inda hukumar Eurocontrol ke tattara kuɗin a madadin ƙasashe, ana duba nisan tafiya da nauyin jirgi. Akan raba nauyin da tan 50, sa'an nan a nemi lambar da idan aka riɓanya ta da kanta za ta ba da sakamakon. Jirgi mai tan 50 lambarsa 1 ce. Mai tan 200 kuwa, 200 a raba da 50 ya ba da 4, lambarsa 2 ke nan. Ya ninka ƙaramin sau huɗu a nauyi, amma ninki biyu zai biya. A allon rada babban jirgi da ƙarami ɗigo ɗaya ne, wahalar kula da su ɗaya ce. An shigar da nauyi ne domin mai ƙarfin biya ya ɗauki kaso mafi girma ba tare da an danne shi ba. A 1994 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar wani kamfanin jiragen Jamus da Eurocontrol, ta yanke cewa wannan aiki na ikon hukuma ne, ba harkar kasuwanci ba, don haka dokokin gasar ciniki ba su hau kansa ba.

Birtaniya: kamfani mai lasin

Inda wannan al'amari ya fi fitowa fili shi ne Birtaniya, domin can ne aka sayar wa 'yan kasuwa wani kaso na aikin, sai ya zama tilas a rubuta a doka abin da a da ba a bukatar rubutawa. Dokar Sufuri ta shekarar 2000 ta haramta wa kowa ba da hidimar kula da jirage a sararin ƙasar sai da lasin ko wani izini na musamman. A 2001 aka mai da ma'aikatar NATS kamfanin haɗin gwiwa: gwamnati ta riƙe kashi 49 cikin 100 na hannun jari tare da wani hannun jari na musamman mai ba ta ikon hana wasu sauye-sauye, gungun kamfanonin jirage suka sayi kashi 46, aka bar wa ma'aikata kashi 5. Reshen kamfanin da ke kula da jirage a kan hanya, daga cibiyoyin Swanwick da Prestwick, shi ke riƙe da lasin ɗin.

Dokar ta sanya mai lasin a sahu ɗaya da kamfanonin ruwa da gas da lantarki ta fuskar dokokin filaye da tsara gine-gine. Wannan ba magana ce ta takarda kawai ba. Kimiyya ce ke zaɓar inda za a kafa rada, domin igiyarta a miƙe take tafiya, tudu ko dogon gini yana iya tare ta. Idan tudu guda ne ya dace, mai shi kuma ya ƙi sayarwa, minista yana iya ba mai lasin izinin karɓar filin a biya diyya, abin da kamfanin sabulu ba zai taɓa samu ba. Yana iya yin wasu gine-ginen aiki a filayensa ba tare da bin dogon layin neman izini ba. Akan kuma tuntuɓe shi kafin a kafa manyan fankokin samar da lantarki daga iska, saboda fikafikansu masu juyawa sukan bayyana a rada kamar jirage.

Gata mafi girma ita ce ba a barinsa ya mutu. Kamfanin da bashi ya ci, masu binsa sukan kai shi kotu a rufe shi, a sayar da kayansa, a raba kuɗin. Mai wannan lasin kuwa dokar ta tanadar masa hanya ta daban: kotu za ta naɗa mai riƙo wanda aikinsa na farko shi ne hidimar ta ci gaba har a miƙa ta ga wani. Ba a daɗe ba aka ga amfanin wannan tunani. Harin 11 ga Satumba, 2001, ya rage zirga-zirga a kan Tekun Atalantika 'yan makonni bayan cinikin, kuɗin shiga ya faɗi, bashi ya yi wa sabon kamfanin katutu. A 2003 gwamnati da kamfanin filayen jirage na BAA suka zuba fam miliyan 65 kowannensu don tsamo shi.

Igiyoyin kuma ga su. Wajibi ne mai lasin ya samar da tsari mai aminci, ya biya bukatar duk jirgin da ya nemi hidima, kada ya fifita wani kamfani a kan wani, ko da kuwa kamfanin yana cikin masu hannun jarinsa. Ba shi ke yanke farashinsa ba; hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar ce ke ƙayyade masa iyaka na tsawon wasu shekaru. Babakeren ma an taƙaita shi ga inda ya zama tilas. Hasumiyar filin jirgi ana iya yin gasa a kanta, tun da kwangila ce mai wa'adi: ta filin Gatwick ta koma hannun wani reshe na kamfanin Jamus a 2016, ta dawo wa NATS a 2022.

Ranar 28 ga Agusta, 2023, aka jarraba wannan tsari. Takardar shirin tafiya ta wani jirgi daga Los Angeles zuwa Faris ta ƙunshi alamun hanya biyu masu haruffa iri ɗaya, DVL, ɗaya a Amurka ɗaya a Faransa, tsakaninsu dubban kilomita. Kwamfutar da ke sarrafa takardun ta kasa warware ruɗanin ta dakatar da kanta, mataimakiyarta ma ta bi sahu cikin 'yan sakan. Aka koma shigar da bayanai da hannu, kimanin 60 a sa'a maimakon kimanin 800. Babu jirgin da ya shiga haɗari, domin an rage yawan masu tashi nan take. Amma fasinjoji fiye da 700,000 abin ya shafa, kuma kamfanonin jirage ne suka biya kuɗin masauki da abincin waɗanda suka maƙale. Da suka nemi NATS ta mayar musu, sai suka tarar doka ba ta tare da su: ba a kai mai lasin ƙara don kawai ya gaza cika sharuɗɗan lasin ɗinsa, hukumar da ke sa masa ido ce ke hukunta shi. Ƙofar da aka bari a buɗe ita ce ta ƙara a kan ɓarnar da ta auku wajen gudanar da aikin kansa, kamar sakacin da ya jawo haɗari.

Kamfanonin jirage suna ganin wannan rashin adalci ne, kuma ƙorafinsu yana da tushe. Sai dai akwai hujja a ɗaya ɓangaren da ta fi nauyi. Idan kowace sa'a ta tsaiko za ta jawo diyyar miliyoyi, za a wayi gari shugabannin cibiya suna ɗari-ɗarin tsai da jirage a lokacin da tsayarwar ce daidai. Kuma tun da kuɗin mai lasin daga kamfanonin jirage yake fitowa, diyyar za ta zagayo ta dawo kansu a farashin baɗi. Raunin tsarin yana wani wuri ne: kariya irin wannan ba ta da ma'ana sai hukumar da ke sa ido tana da haƙora, ragin da ake yi wa kamfanin saboda jinkiri kuwa ƙalilan ne idan aka gwada da asarar rana irin wannan.

Alhakin da ba ya miƙuwa

Daren 1 ga Yuli, 2002, jirgin fasinja na Rasha mai zuwa Basalona da jirgin kaya na DHL suka yi karo a saman garin Uberlingen da ke kudancin Jamus. Mutum 71 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makaranta. Sararin na Jamus ne, amma kamfanin Skyguide na Suwizalan ne ke kula da shi daga Zurik. A daren, jami'i ɗaya ne ke riƙe da kujeru biyu, ana kuma gyaran da ya kashe alamar gargaɗi ta allo da babban layin tarho. Na'urar kauce wa karo ta umarci matuƙan Rasha su hau, jami'in ya ce su sauka, suka bi jami'in, alhali ɗaya jirgin ma sauka yake yi bisa umarnin tasa na'urar. Daga baya aka tsaurara ƙa'ida cewa idan an sami irin wannan saɓani, na'ura za a bi.

A 2007 wata kotun Suwizalan ta sami manyan ma'aikatan Skyguide huɗu da laifin kisa ta hanyar sakaci. Amma hukuncin da ya fi shafar wannan darasi shi ne na kotun Konstanz a 2006, wadda ta ce ƙasar Jamus ce za ta biya kamfanin jirgin Rasha diyya, domin aikin na hukuma ne, kuma an miƙa shi ga baƙi ba tare da ingantacciyar yarjejeniya ba. Jamus ta ɗaukaka ƙara, daga baya aka sasanta a wajen kotu. A wannan shekara ta 2006 kuma shugaban ƙasar, Horst Köhler, ya ƙi sa hannu a dokar sayar da mafi yawan hannun jarin kamfanin DFS mai kula da sararin Jamus, saboda ta saɓa wa tsarin mulki. Kanada ta bi wata hanya: a 1996 ta sayar da aikin ga Nav Canada, kamfani mai zaman kansa wanda ba shi da masu hannun jari kuma ba ya raba riba. Amurka kuwa gwamnati ce ke riƙe da shi, kuma a 1981 Shugaba Reagan ya kori jami'ai fiye da 11,000 da suka shiga yajin aikin da doka ta haramta wa ma'aikatan tarayya.

Nijeriya da maƙwabtanta

A Nijeriya ba a sayar da aikin ba. Doka mai lamba 48 ta 1999 ce ta kafa hukumar NAMA, wadda ta fara aiki a 2000, bayan an raba ayyukan da a da suke cakuɗe: FAAN ta riƙe filayen jirage, NCAA ta zama mai sa ido da ba da lasin, NAMA kuma ta ɗauki sararin sama. Hikimar rabon ita ce kada mai aiki ya zama alƙalin kansa. A taswirar ICAO, yankin sararin Nijeriya da sunan Kano aka san shi, manyan cibiyoyin kula da shi kuma suna Kano da Legas. NAMA tana samun kuɗinta daga cajin da take yi wa jirage, har da masu ratsawa ba tare da sauka ba, da kuma wani kaso na harajin kashi 5 cikin 100 da ke kan tikiti.

Nijar da Cadi da Kamaru kuwa sun haɗa aikinsu a hukumar ASECNA, wadda aka kafa a Senegal a watan Disamba na 1959, hedkwatarta tana Dakar. Tana kula da sarari mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 16, tana da cibiyoyi a Yamai da Injamena da wasu birane. Jirgin alhazai da ya tashi daga Kano ya nufi Jidda, ba zai daɗe ba jami'in NAMA zai miƙa shi ga na ASECNA. A watan Satumba na 2022 jami'an wannan hukuma suka shiga yajin aiki duk da umarnin hani daga kotunan wasu ƙasashe, aka soke jirage da dama a Yammacin Afirka da Tsakiyarta kafin a janye shi.

Haɗa aiki a hannu ɗaya bai shafe Sashe na 1 ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, hukumomin soja a Yamai suka rufe sararin Nijar ranar 6 ga Agusta. Cibiyar ASECNA tana nan, na'urorinta suna aiki, jami'anta suna kan kujerunsu, amma ba ta da ikon shigar da jirgin da ƙasar ta hana. Da yake sararin Sudan a rufe yake saboda yaƙi, na Libiya kuma yawancin kamfanoni suna gudunsa, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka yi dogon zagaye, wasu suka ƙara fiye da sa'a guda a tafiyarsu, har zuwa 4 ga Satumba da aka sake buɗe sararin ga jiragen kasuwanci.